Magudanar da Ba Ta Cikin Taswira

Shekara arba'in da ɗaya Kafinta yana hawa tudun bayan unguwa da jarka biyu kafin rana ta yi zafi, kuma duk wannan wahala saboda harshen mace ɗaya ne. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna Tela, tun tana amarya ta kurɓi ruwan famfo ta yamutsa fuska, ta ce warin magani yake yi. Shi kuwa a lokacin ƙuruciya na ɗibarsa, ya bugi ƙirji ya ce muddin yana numfashi ba za ta ƙara shan sa ba. Maza da yawa sun yi irin wannan cika baki a makon farko, suka manta da shi a na biyu. Kafinta bai manta ba. Kullum sai ya je marmaron da ke kafaɗar tudun, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga tsagin dutse da sanyinsa, ya cika jarkokinsa ya sauko.

Sunan Kafinta ma kada ya ruɗi mutum, bai taɓa haɗa ko kujera ɗaya ba. A ramin haƙar dalma da ke ɗaya gefen tudun ya yi aiki, shi ke kafa katakon da ke tokare rufin rami don kada ƙasa ta rufta wa mutane. An rufe ramin shekara ashirin da shida da suka wuce, ma'aikata suka watse, sunan ya zauna masa.

Shekara biyar ke nan da ƙodar Inna Tela ta fara ba ta wahala. Ƙafafunta suka kumbura har ba sa iya taka keken ɗinki, aka lulluɓe keken da tsohon zanin gado aka tura shi lungun falo. Bakinta dai bai kumbura ba. Daga kan kujerarta take mulkin gidan, tana faɗa wa Kafinta inda ya ajiye tabaraunsa alhali suna kan hancinsa.

Wata Asabar 'yarsu ta ƙarshe, Auta, wadda ke aiki a ɗakin gwajin ruwa na gari, ta zo da takarda a jaka. Ba ta fito da ita ba sai da ta wanke kwanuka, ta share tsakar gida, ta rasa abin da za ta ƙara yi.

"Baba, na gwada ruwan marmaro," ta ce. "Akwai dalma a ciki. Ba ta da yawa, amma akwai, kuma ba a son ko kaɗan ɗinta a cikin mutum."

"Daga ina?" in ji Kafinta.

"Ɗayan biyu ne. Ko wancan tsohon bututun da samarin unguwa suka tsinto suka cusa a bakin dutsen shekara biyu da suka wuce, ko kuma ruwan tsohon raminku ne ke biyowa ta ƙarƙashin tudu. In bututu ne, a cire shi a huta. In rami ne, sai dai a toshe marmaron."

Inna Tela ta ce a cire bututun kawai, dama tun farko bai yi mata kyan gani ba. Kafinta kuwa lissafin shekaru yake yi a zuci. Bututu shekara biyu, ciwo shekara biyar. In laifin na bututu ne, to ciwon matarsa daga wani wuri ya zo. In na rami ne, shi ne ya yi ta ɗauko mata shi a jarka kowace safiya, yana fito.

Ranar Litinin aka kafa allo a bakin marmaro cewa kada a sha sai an gama bincike. Shugaban Auta a wurin aiki, wanda ake kira Injiniya, ya zo da kansa. Mutum ne mai ladabi, hular kwanonsa sabuwa fil kamar ba ta taɓa haɗuwa da dutse ba. Ya bayyana dabarar a sauƙaƙe: za a zuba garin rini kore a babban ramin, rinin ba ya cutar da kowa, in ruwan ramin yana zuwa marmaro za a ga koren ya fito. Ya shimfiɗa tsohuwar taswirar kamfanin a kan murfin mota, ya danne kusurwoyinta da duwatsu, ya kira Kafinta ya gani don girmamawa.

Kafinta ya sunkuya ya duba. Duk hanyoyin suna nan, ya san kowace kamar layin unguwarsu. Ta gefen gabas kuwa, wajen da ke fuskantar marmaro, takardar fara ce tas. Ya daɗe yana kallon wannan farin wurin, har Injiniya ya tambaye shi ko akwai gyara.

"Babu," in ji Kafinta. "Sun iya zane."

Ga abin da takardar ba ta sani ba. A shekarun ƙarshe na ramin, injin da ke zuƙe ruwa daga hawa na ƙasa ya tsufa, kwana biyu yana aiki kwana uku yana hutu. Ma'aikata suna wuni a tsaye cikin ruwa har cinya, fatar ƙafarsu ta yi fari tana saɓulewa. Sun kai kuka ofis har suka gaji. Sai mutum bakwai cikinsu, har da Kafinta, suka lura da wani tsagi a dutsen gabas da ke shanye ruwa a hankali. Suka riƙa satar awa ɗaya daga kowane wuni suna haƙa 'yar magudana zuwa gare shi, Kafinta yana bin su da katako yana tokarewa. Ranar da suka fasa, ruwan ya tafi yana gurnani, kafin a tashi aiki ƙasa ta bayyana. Ba su faɗa wa mai safiyo da ke awon ramin ba, don haƙa a wajen layin da aka zana laifin kora ne. Kuma cikin su bakwai babu wanda ya tambayi inda ruwan ya nufa. Ba mugunta ba ce. Mutumin da ya shekara a jiƙe, in ruwa ya bar ƙafarsa, gani yake ya bar duniya baki ɗaya.

Akwai kuma abu na biyu da Kafinta ya sani. Dab da rufe ramin, rufi ya rufta a tsakiya ya raba babban ramin da ɓangaren gabas. Duk rinin da Injiniya zai zuba, a tafkin yamma zai zauna yana kallon bango.

Haka kuwa aka yi. Kwana goma Auta tana zuwa safe da yamma da 'yan kwalabe, tana ɗiba tana ɗagawa a haske, tana kaiwa ɗakin gwaji. Ko alamar kore babu. Rana ta goma sha ɗaya aka zare tsohon bututun, aka saka sabo na roba, aka cire allon, da alkawarin a sake gwaji bayan wata uku. Auta ta shigo gida da gudu kamar ba ma'aikaciyar gwamnati ba, ta faɗa jikin uwarta.

"Bututu ne, Inna. Baba, ka ji? Bututu ne."

"Na ji," in ji shi. "Allah ya yi miki albarka."

Ya so ya yarda, Allah ya sani ya so. Ya ce wa kansa wataƙila magudanar ta toshe tuntuni, katako ba ƙarfe ba ne. Ya ce masu ilimi sun yi magana, wane ne shi da ko firamare bai gama ba. Washegari ya hau tudu da jarkokinsa, ya tarar da layi ya dawo, mata suna hira, wani dattijo yana kurɓa da tafin hannu yana cewa ai dama shi ya san ruwan da Kafinta ke ɗebo wa matarsa ba zai zama guba ba. Da layi ya zo kansa, ya tara jarka a bakin sabon bututun, ta cika, ya ɗauka. A rabin gangara ya tsaya, ya waiga hagu da dama, ya tuntsurar da ita a gindin wata ƙaya. Ya zaga ta bayan kasuwa ya cika a famfo.

Inna Tela ta karɓi kofi ta sha kamar kullum. Rana ta biyu ma haka. A ta uku, bayan ya sauke jarkoki yana neman zamewa waje, ta buga hannun kujerar da ke kusa da tata.

"Malam, zo ka zauna."

Ya zauna a bakin kujerar kamar baƙo.

"Kwana uku kana ba ni ruwan famfo, kuma in ina sha sai ka kama kallon bango. Ƙodata ce ta lalace, ba harshena ba. Me ka sani wanda Auta ba ta sani ba?"

Ya buɗe baki zai ce gwiwarsa ce ke ciwo, ya ga idonta, ya fasa. Wannan matar ta san lokacin da zai yi ƙarya tun kafin shi ya sani. Sai ya faɗa mata duka, tun daga injin har zuwa farin wurin da ke kan taswira. Bai ɗaga kai ba har ya gama.

Ta murza bakin mayafinta.

"Na tuna ranar," ta ce. "Ka dawo da wando a bushe. Na riga na ɗumama man da nake shafa maka a ƙafa, na duba na ga ba a bukata. Har na ce Allah ya saka wa wanda ya gyara injin nan."

"Ba inji ba ne. Mu ne."

"To addu'ar ta san inda ta je. Cikinku bakwai saura nawa?"

"Ni kaɗai."

"Ka ga kuwa babu wanda za ka jira ya riga ka."

Nan muryarsa ta karye. Tsoro yake ji, tsoro irin wanda bai taɓa ji ba ko a ƙarƙashin ƙasa lokacin da katako ke kuka a kansa.

"Tela, in aka sake gwaji koren nan ya fito, ni ne. Ni na haƙa, ni kuma na yi ta ɗauko miki. Da na bar ki da warin maganinki, da yanzu kina kan kekenki."

"In kuma ka yi shiru, sai ruwan ya ji kunya ya gyaru?" Ta miƙa hannu ta gyara masa wuyan riga da ya naɗe. "Ni dai na riga na sha nawa. Yaran unguwa ne ba su gama shan nasu ba. Miƙo min wayar nan in kira Auta."

Auta ta zo da Injiniya da la'asar. Kafinta ya shirya wa faɗa, har ya tanadi inda zai sa idonsa in an fara. Injiniya bai yi faɗa ba. Ya cire hular kwanon, ya shimfiɗa taswirar a tsakar gida, ya miƙa masa fensir da hannu biyu.

"Baba, zana mana."

"Ban iya awonku ba. Tokara na sani. Sittin da huɗu na kafa, tsakanin kowace da 'yar'uwarta taku biyu. A ta ashirin mun karkata hagu, saboda dutsen ya ƙi diga."

Injiniya ya lissafa, ya ɗora ma'auni, ya ja layi daga inda yatsan tsohon ya nuna. Layin ya ratsa farin wurin ya tsaya dab da ɗigon da aka rubuta marmaro. Auta ta kalli layin, ta kalli ubanta, ta tashi ta shiga kicin ta daɗe tana neman abin da ba ta ajiye ba.

Washegari Kafinta ya kai su bayan tarin tsakuwar da kamfanin ya bari, ya sa aka sare ciyawa, aka ɗaga wani ruɓaɓɓen kwanon rufi. A ƙarƙashinsa akwai ramin shan iska na ɓangaren gabas, faɗinsa bai fi bakin ganga ba. Ya jefa dutse, suka saurara, can ƙasa suka ji ya faɗa ruwa. Aka dama rinin a bokiti aka tuttula, aka mayar da allon bakin marmaro.

Wannan karon ba a yi kwana goma ba. Safiya ta biyu, shi da Auta suna tsaye, ita da kwalba a hannu, sai ruwan da ke zubowa daga bututun ya fara sauya kama. Da fari kamar idon mutum ne ke yi masa gizo. Can sai ya fito sosai, kore shar kamar ɗanyen ganye, ya bi ta kan duwatsu ya gangara. Abin haushin ma, kyau gare shi. Auta ta cika kwalbar, ta rufe, ta rubuta lokaci a jikinta, don aiki aiki ne. Kafinta ya nemi dutse ya zauna.

"Auta, ke kika yi karatu. Faɗa min gaskiya. Shi ya ci ƙodar uwarki?"

Ta durƙusa a gabansa, ta ɗora hannu a gwiwarsa.

"Baba, da zan iya ce maka a'a da na faɗa tun kafin ka tambaya. Dalma tana taɓa ƙoda. Hawan jini ma yana taɓawa, kuma Inna tana da shi, mahaifiyarta ma da shi ta rasu. Kai ma ruwan nan ka sha, ni ma da shi na girma. Za a gwada jininmu duka, likita zai ga abin da zai gani. Amma wanda zai rantse maka cewa wannan ne ko wancan, babu shi. Ban sani ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya so ta yi masa ƙarya, kuma ya ji daɗi da ba ta yi ba. Haka zai zauna da tambayar nan iyakar kwanakinsa, ya kuma san haka tun a kan dutsen.

Sauran matsalar ta mutane ce. Injiniya ya ce magina za su zo su toshe bakin dutsen, za a kuma jawo famfo zuwa gindin tudu, amma sai takarda ta bi ofis-ofis, kwana huɗu ko biyar. Kafin yamma koren ya wanke, ruwa ya koma garau. Unguwa kuwa ta riga ta yanke hukuncinta: allon nan an kafa shi an cire, an sake kafawa, gobe ma za a cire. Rinin ai su da bakinsu suka ce ba ya cutarwa. Auta ta ga mata biyu sun rataye mayafi a jikin allon suna cika bokiti.

"Ba za su ji maganar allo ba," Kafinta ya ce da suka koma gida. "Ni suke kallo. Shekara arba'in ina yi wa ruwan nan talla ban sani ba. Gobe zan je in tsaya, duk wanda ya zo in faɗa masa da bakina."

"Za su zage ka, Baba," in ji Auta. "Wasu ma ba za su tsaya a zagi ba. Akwai masu jarirai."

"Suna da gaskiya."

Inna Tela ta ce a fito mata da takalmanta masu faɗi, waɗanda take zuwa asibiti da su.

"Ina za ki?" suka tambaya tare.

"Inda mijina za shi."

Auta ta kawo maganar likita, ta kawo ta gangara, ta kawo ta rana. Kafinta ya ce in dai ya isa da ita ba za ta taka ko'ina ba. Ta bar su suka gama, sannan ta ce shekara arba'in da ɗaya ana kawo mata ruwan nan har ɗaki, ba ta taɓa ganin inda yake fitowa da sassafe ba, yanzu kuma da za a toshe shi babu mai hana ta.

"Kuma in zagi ne, a zage shi ina zaune in ji. Don ƙafarsa ta bushe ya haƙa, don bakina ya ɗebo. Ba shi kaɗai ba ne."

Da safe mai keke mai ƙafa uku ya kai su iyakar inda hanya ta ƙare. Daga nan Auta ta riƙe ta ta dama, Kafinta ta hagu, kujerar roba rataye a kafaɗarsa. Tafiyar da yake yi a minti goma ta ci musu kusan awa. Sau shida suna ajiye kujerar tana hutawa, kuma kowane hutu sai ta sami abin da za ta kushe, in ba tafiyarsa ba to hularsa. Da suka isa, aka zaunar da ita a inuwa kusa da bututun. Ta daɗe tana kallon ruwan yana zuba.

"Ashe haka yake da kyau," ta ce. "Sannu, Malam. Duk wannan hawan."

A daidai lokacin wata matashiya ta ɓullo daga gangara, goyo a bayanta, bokiti a kowane hannu. Ta gaishe su da fara'a, ta yi mamakin ganin Inna Tela a waje, ta wuce allon ko kallonsa ba ta yi ba, ta nufi bututun. Kafinta ya sha gabanta. Duk maganar da ya shirya a hanya ta gudu, ya tsaya da baki buɗe, hannayensa na lilo.

"Lafiya, Baba?" ta tambaya.

"Ajiye bokitin, 'yar nan," in ji Inna Tela daga kujerarta. "Baban naki yana da magana, kuma ba gajera ba ce. Ki bar shi ya kai ƙarshe kafin ki ce komai."

Ta miƙa hannu ta kama gefen rigarsa ta riƙe gam, yadda ake riƙe yaro a bakin titi. Kafinta ya ji nauyin hannun, ya dubi jaririn da ke barci a bayan uwarsa.

"Kada ki ba shi ruwan nan," ya ce. "Akwai wata magudana a ƙarƙashin tudun nan da ba ta cikin takardar kowa. Ni na haƙa ta."